Mutumin da Ya Zare Ƙusa

"Mayar da ƙusar nan inda ka zaro ta."

"Malam, ƙusa ce fa kawai."

"Na san ƙusa ce, ni na buga ta. Mayar da ita, ko ka fita mini daga shago."

A nan na tarar da faɗan, ya 'yan uwa, a bakin wani shagon gyaran kayan wuta a Ƙanƙara, na kai rediyona da ya daina magana. Ban san da me aka fara ba. Amma ni ba a soma zance a gabana in tashi ban ji ƙarshensa ba. Sai na jawo benci na zauna, na ce gwiwata ce ta motsa.

To bari in koma baya in ɗauko muku daga tushe.

An yi wani mutum a wani gari tsakanin Sheme da Faskari. Ba zan faɗi sunansa ba, don wa'azi na zo yi, ba gulma ba. Dogo ne dai, yana da wushirya, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu tun da ya faɗi a babur. Iyakar abin da za ku ji daga bakina ke nan.

Allah ya ba shi hannu. In ya taɓa fitilar da ta mutu sai ta kama. Ya koyi aiki shekara shida a wurin Malam Nata'ala, mai shagon nan na Ƙanƙara, dattijo marar son surutu, wanda in ka kai masa kaya sai ya shinshina kafin ya kwance.

Ku mata kun san wahalar shiƙa. A sussuke dawa, ki ɗaga ƙwarya sama har kafaɗa ta ƙage, kina jiran iska ta zo ta raba miki tsaba da ƙaiƙayi. Wata rana iskar ta zo, wata rana ta ɗauke ɗif, ku wuni kuna kallon ganyen bishiya ko zai motsa. A da ba a damu ba, dami na rumbu, a ɗebo kaɗan kaɗan. Amma a shekarun nan wa ke barin dami a bayan gari? Kowa so yake ya sussuke, ya shiƙe, ya ɗure a buhu, ya shigar cikin gida ya ja ƙofa.

Shi ne Malam Nata'ala ya fara ƙera fankar shiƙa. Yakan samo moton fankar lagireton mota, wato ɗan injin nan da ke juya fukafukai, ya ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe, a jona da batiran sola. Ki tsaya gabanta ki zuba dawa, ƙaiƙayi ya yi gaba, tsaba ta sauka a ƙafarki.

Ranar faɗan nan, bayan ƙura ta lafa, na ce Malam ya yi mini bayani da Hausar da tsohuwa za ta gane. Ya ce kowane moto da ma'aunin wutar da aka yi shi ya ci, kuma a rubuce yake a jikinsa. Irin waɗannan, sha biyu ne, wutar batir ɗaya. Su kuwa mutanenmu batir biyu suke jerawa, wutar ta zama ashirin da huɗu, ninki biyu ke nan. Don haka ake sa wani ɗan allo tsakanin batir da moto, masu sana'ar na ce masa direba. Aikinsa ya riƙa ba moton wuta kurɓi kurɓi, kada ya kwarara masa gaba ɗaya. A jikinsa akwai maɓalli da ake murɗawa kamar na ƙara muryar rediyo. In maɓallin na rabi, moto na cin daidai cikinsa. In ya ɗan gota na ɗan lokaci, zai jure, in an bar shi ya huta. In aka kai shi ƙarshe aka bar shi can, iska za ta yi ƙarfi har ka yi mamaki, amma a ciki wayoyin moton dahuwa suke yi a hankali, ba wanda ke gani.

Saboda haka Malam ke buga 'yar ƙusa a jikin akwatin, daidai rabi, ta tare maɓallin. Kuma yana sa fiyus, wata 'yar siririyar waya da ke tsinkewa da kanta in wuta ta yi yawa, kafin wani abu ya kama.

Wannan ƙusar ce mutumin namu ya zare.

Abin da yake faɗa wa maigidansa a ranar shi ne mutane iska suke saye, ba ƙusa ba, kuma ya gwada ya gani da idonsa, moton bai mutu ba. Malam ya tambaye shi minti nawa ya gwada. Ya ce kamar biyar. Malam ya ce shiƙa wuni ake yi.

"Wanda ya rubuta sha biyu a jikin abin nan shi ya ƙera shi," in ji Malam. "Ya fi ni da kai sanin cikinsa."

Mutumin ya ce tsoro ne ya hana Malam arziki shekara talatin. Ya yar da ƙusar a ƙasa, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ina kallo Malam ya sunkuya, ya tsince ta, ya hure ƙasar, ya jefa cikin wani gwangwanin madara. Rediyona ma sai mako na gaba na karɓa.

Ba a yi wata biyu ba mutumin ya kafa rumfa a kasuwar Sheme. Ɗiyata na aure a can, kuma ni mai yawan zumunci ce, to kusan kowace kasuwa ina nan.

Ya fara ƙera nasa fankokin. Ya bar maɓalli sake, yana kaiwa ƙarshe. Da ya ga fiyus na yawan tsinkewa yana ba shi kunya gaban masu saye, sai ya cire shi ya ɗaure wurin da waya mai kauri, wadda ba ta tsinkewa ko me za a yi. Saura rubutun nan na jikin moto, don yanzu yaran makaranta sun yi yawa, wani zai iya karantawa. Sai ya sa takardar yashi ya goge shi tas, ya shafa jan fenti, ya rubuta wa fankar suna a jiki: Guguwa.

Ku zo ku ga talla. Ya samo tsohuwar fankar Malam Nata'ala ya ajiye a gefe, ya kunna, tana busawa a hankali kamar mai fifita jariri. Sai ya kunna tasa, ya murɗe maɓalli har ƙarshe. Huluna su tashi, masu kayan miya su rufe tirensu suna zagi, jama'a su yi ta dariya. Minti uku, huɗu, ya kashe. Kullum kafin minti biyar yake kashewa. Ni na lura da wannan, amma wa ke tambayar tsohuwa?

Aka yi ta saye. Daga Mabai, daga Faskari, har daga Sabuwa ana zuwa da babur a ɗaura. Shagon Malam ya yi shiru. Mutumin namu ya sauya babur, ya fara sa hula mai tsayi, ya daina gaida ni sai da ɗaga gira.

Ya 'yan uwa, Allah ba ya kama bawa farat ɗaya. Sai ya aiko masa da manzo bayan manzo.

Na farko wata baiwar Allah ce daga Mabai, Ummu Salma, mijinta ya rasu, da shiƙar ƙwadago take ciyar da 'ya'yanta. Ta sayi Guguwa don aikinta ya yi sauri. Kwana tara ta yi. Ta ce tun kwana na uku take jin wani wari kamar an jefa takalmin roba a murhu, jikin moton kuma ba ya taɓuwa. A na tara ya yi wani gurnani ya tsaya, hayaƙi na fita ta ƙofofinsa. Ta ɗauko shi a ka har Sheme.

Mutumin ya duba, ya ce ita ta bari ƙura ta shiga. Ta ce, a wurin shiƙa ina za ta kai ƙura? Mutane suka fara taruwa. Cikinsu har da yayansa, Alhaji Zailani, wanda ya zo sayen buhuna. Wani ya ce ya ji ana cewa motocin nan na sha biyu ne ake ba su wutar da ta fi ƙarfinsu.

A nan ne mutumin ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi moton ashirin da huɗu ne. Ka kai shi ƙarshe ka bar shi kwana uku, ba abin da zai same shi. In ya ɗan yi ɗumi, ku jiƙa tsumma ku ɗora masa, shi ke nan."

Alhaji Zailani ya ce ƙaninsa ba ya rantsuwa a kan ƙarya, kowa ya watse. Ummu Salma ta naɗe gammonta, ta bar masa gawar fankar a nan, ta ce ta bar shi da Allah. Ba ta ɗaga murya ba. Ni na fi tsoron irin wannan.

Na biyu daga Sabuwa ya zo. Ƙanwata na can, ita ta ba ni labari. Wani manomi yana shiƙar waken suya, sai wayar da ta taso daga batir ta yi laushi, robarta ta narke tana ɗiga. Allah ya sa a kan dutse yake aikin, ya fizge ta da sanda. Ya aiko wa mutumin namu saƙo. Amsar da aka mayar masa ita ce batiransa ne ba su da kyau.

Na uku a cikin ɗakinsa take. Matarsa Barakatu ta same shi da hantsi a bayan ɗaki, ya jera motoci shida a kan buhu yana gurza su da takardar yashi. Ta ce, "Baban Khairiyya, mi kake gogewa?" Ya ce tsatsa. Ta ce ita ba ta taɓa ganin tsatsa mai lamba ba. Ya ce ta je ta duba tukunyarta.

Af, na ce Baban Khairiyya ko? To, Khairiyya ai da yawa a ƙasar nan.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe. Da kaka ta matso, mutumin nan ya shiga ɗakin kayansa ya ƙera wata fanka daban. Ya sa mata fiyus. Ya buga mata ƙusa daidai rabi, yadda aka koya masa. Bai shafa mata jan fenti ba. Ya rufe ta da buhu ya ajiye a lungu. Wannan ta gida ce.

Wanda bai sani ba zai yi haka?

Gidansu gandu ne. Tun da mahaifinsu ya rasu ba su raba ba, Alhaji Zailani ke riƙe da gida, tukunya ɗaya, baki ashirin da uku har da tsohuwarsu da ba ta gani sosai. Gonakinsu na nesa shekara uku ba wanda ya taka, kun san dalili, ba sai na faɗa ba. Gona ɗaya ta rage musu a bakin gari. A ita suka zuba ƙarfinsu duka, suna noma suna waige. Allah kuma ya ba su dawa a shekarar, irin wadda masu wucewa ke tsayawa su ce ma sha Allah. Abincin shekara ke nan. Babu wani a bayansa.

Aka kwaso ta aka tara a filin bayan gida. Dami a jibge gefe guda, an fi ƙarfin rabi an sussuke, tsaba da ƙaiƙayi sun yi tudu. Alhaji ya ce kwana biyu yake so a gama a shigar, don ba ya barci in hatsi na waje. Ranar kuwa ko ganye ba ya motsi.

Da safe mutumin ya fito da fankar gida ya jona. Ta kama busawa a hankali. Mata suka fara zubawa, aiki na tafiya, ba sauri dai, amma yana tafiya.

Hussaina, matar Alhaji, mace ce mai baki, kuma tsakaninta da ƙanin mijin akwai wasa. Ta ce wannan fanka ko azumi take yi? Ta ce ta mutanen Sabuwa na cire hula, tasu ko kallabi ba ta ɗagawa, ashe mai sayar da guguwa numfashin kaza ya bar wa gidansu. Mata suka kwashe da dariya.

Alhaji ya ji. Ya wuce ɗakin kayan ƙaninsa, ya fito rungume da Guguwa sabuwa, jan fentinta na ƙyalli.

Mutumin ya ce wannan an riga an yi alkawarinta. Alhaji ya ce wuni ɗaya ba zai cinye ta ba. Mutumin ya ce to a bar maɓallin a rabi.

Alhaji ya juyo ya dube shi. "Don mi? Ba kai ka rantse a Sheme ba, ina tsaye? Kwana uku ka ce."

Ya 'yan uwa, ga ƙofar tuba an buɗe masa har bango. Me zai ce? "Yaya, ƙarya na yi." Kalma huɗu. Zai ji kunya gaban mata, gaskiya ne. Za a yi da shi a Sheme mako biyu, ni ma da na taya. Amma da dawa na nan.

Ya dubi yayansa, ya dubi matan da ke jiran amsa, ya ce, "Haka ne, Yaya."

Da hannunsa ya jona ta.

Guguwa ta tashi. Ƙaiƙayi ya riƙa tafiya kamar hayaƙi yana taruwa can gaba, tsaba na zuba wal wal. Mata suka yi guɗa. Aikin awa biyu ya koma na rabin awa. Alhaji na ɗinke buhu yana murmushi, yana cewa gidan nan Allah ya yi musu baiwa da mai ilimi.

Shi kuwa mai ilimin bai zauna ba. Yana zagaye fankar kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Da ya ga idanu sun kauce, sai ya rage maɓalli. Hussaina ta ji iska ta sauka, ta miƙa hannu ta mayar ƙarshe, ta ce kada ya yi musu rowar abin da ba ya ƙarewa. Ya sake ragewa. Ta sake mayarwa. Wasa ta ɗauka.

Wajen ƙarfe sha ɗaya muryar moton ta sauya. Da tana fita sumul, yanzu akwai wani siririn kuka a ƙarƙashinta, kamar sauro a cikin kunne. Ba wanda ya ji sai shi.

Wajen sha biyu wari ya fara. Tsohuwarsu da ke zaune a inuwa, wadda ido ya tafi amma hanci na nan, ta tambaya wa ke ƙona roba. Aka ce mata yara ne a bola.

Mutumin ya faki ido ya ɗora yatsa a jikin moton. Ya janye da sauri ya sa a baki. Barakatu na kallonsa. Ta matso da ƙwaryarta kamar za ta ɗebi dawa, ta ce masa a hankali, "Kashe ta, don Allah." Ya ce saura kaɗan. Ta ce tudun nan ko rabi bai yi ba. Ya ce ta rufe masa baki.

Hussaina ma ta ji zafin yana bugo ta. Mace mai riƙe magana, sai ta tuna abin da ya koya wa duk duniya a kasuwa. Ta yage tsohon zane, ta tsoma a bokiti, ta lulluɓe moton da shi ruf, har da 'yan ƙofofin da yake shan iska ta cikinsu. Tsumman ya yi cuu, tururi ya tashi. Ta ce, "Ga shi nan, yadda ka ce."

Ya dubi tsumman, ya bar shi a nan.

Aka kira azahar. Maza suka karkaɗe jiki. Mata suka ce bari su ƙarasa abin da ke gabansu kafin su shiga. Mutumin ya tsaya, hannunsa na kusa da wayar batir, taku ɗaya ne. Alhaji ya waiwayo daga bakin hanya ya ce ya taho, liman ba ya jira. Ya lissafa a ransa, minti goma ne, abin da ya jure tun safe zai jure minti goma. Ya bi yayansa.

Tsumma ya bushe a rana.

Suna raka'a ta biyu suka ji salatin mata.

Waɗanda ke wurin sun ce tsumman ne ya fara yin baƙi, sai wuta ta fito ta ƙarƙashinsa. Fukafukan ba su tsaya nan take ba, suka ci gaba da juyawa suna hura ta, suna watsa guntayen tsumma masu ci kai tsaye cikin tudun ƙaiƙayi. Abin da aka saya don ya yi iska, ya yi iskar. Moton ya haɗe a ciki, kuma babu fiyus da zai tsinke. Wayar da ta bi ƙasa zuwa batir ta yi ja tun daga wannan kai har wancan, a cikin busasshen ƙaiƙayi take kwance. Wuta ta tashi a layi kamar an ja ta da alli.

Barakatu ce ta yi ta maza ta cafki wayar ta fizge daga batir. Har yau tafin hannunta na dama ba ya buɗewa duka.

Kun taɓa ganin ƙaiƙayi na ci? Ba ya ba ka lokacin neman guga. Kafin maza su iso da gudu ba takalmi, ta haye kan dami. Rijiya na cikin gida, bokiti huɗu ne. Aka yi ta watsa ƙasa, aka yi ta bugu da ɗanyen reshe. Dawa na fashewa tas tas a cikin wuta kamar ana yi musu dariya. Da ƙyar aka tare ta kada ta shiga dangar maƙwabta.

Kafin la'asar an gama. Abin da ya tsira buhu biyar ne da aka riga aka shigar da safe. Baki ashirin da uku, buhu biyar, kuma wata goma sha ɗaya kafin wata kaka.

Kwana uku garin na warin gasasshiyar dawa. Awaki ma sun ƙi zuwa wurin.

To, ya 'yan uwa mata da maza, me ya cinye dawar nan? Kada ku ce wuta. Wuta ta zo daga baya ne ta kwashe abin da aka riga aka ƙona. An ƙona ta ranar da aka zare ƙusa a Ƙanƙara. An ƙona ta ranar da aka goge lamba a bayan ɗaki. An ƙona ta ranar da aka ɗaga yatsa a kasuwar Sheme aka kira sunan Allah a kan ƙarya, uwar marayu na tsaye da gammo a hannu.

Malamanmu na Islamiyya sun sha gaya mana hukuncin algus da na rantsuwar ƙarya, muna gyangyaɗi. Muna zaton algus sai mai zuba ruwa a nono ko mai tsakuwa a shinkafa. Wanda ya ɓoye iyakar abu ya sayar, ya ce ba shi da iyaka, shi ma algus ya yi. Kuma ku duba yadda ƙaryar ta yi da shi. Bai yi ta don gidansu ba, ya yi ta don mutanen Mabai da Sabuwa, ya ware wa kansa mai lafiya a lungu. Amma ranar da yake bukatar bakinsa ya ceci abincin uwarsa, sai ya tarar rantsuwar ta riga ta ɗinke bakin.

Komai Allah ya yi masa ma'auni. Jaki da kayansa, ciki da tuwonsa, ɗan moto da wutarsa. In ka ɗora wa abu fiye da ƙarfinsa ya yi shiru, ba yarda ya yi ba, dahuwa yake yi. Ku masu aikin hannu, in kun tarar da ƙusar da na gaba ya buga, ku tambayi dalili kafin ku zare.

Saura ƙarshen, don na san ba za ku bar ni in tashi ba.

Da farko Alhaji Zailani ya ɗauki abin ƙaddara. Duk mai zuwa jaje sai ya ce masa Allah ne ya bayar, shi ya karɓa, har yana rarrashin ƙaninsa da ya daina cin abinci. A kwana na huɗu ya aika Ƙanƙara a ɗauko Malam Nata'ala, ba don bincike ba, don ya duba ko batiran za su tashi, a sayar a sayi masara. Ni ma ranar na je jaje. Aka sa mu a ɗakin da ke manne da zaure, kuma bangon ba shi da kauri. Ban kasa kunne ba, maganar ce ta zo ta same ni. Labulen ma da ɗan yage.

Malam ya duba batira ya ce ɗaya zai yi. Sai idonsa ya faɗa kan ƙonannen moton da aka jefar a kusurwa. Ya ɗauka, ya shinshina, ya sa sukundireba ya buɗe murfin baya. Ashe masu ƙera abin ba a waje kaɗai suke rubutawa ba. A cikin murfin an buga lambar a jikin ƙarfe, inda takardar yashi ba ta kai ba. Ya goge toka da babban yatsa, ya miƙa wa Alhaji. Sha biyu.

Ya buɗe akwatin direban da ya narke, ya zaro wayar nan mai kauri daga inda fiyus ya kamata ya zauna, ya ajiye a kan tabarma.

Alhaji ya ce wataƙila shi ma ƙanin nasa cutarsa aka yi, aka sayar masa da motocin a haka. Har lokacin yana nema masa hanya. Mutumin na zaune ya sunkuyar da kai.

Sai Malam ya tambaya ko akwai wata fankar a gidan. Aka ɗauko ta farkon nan, marar fenti, wadda Hussaina ta ce tana azumi. Malam ya juya ta. Ga fiyus. Ya murɗa maɓalli, ya tafi, ya tafi, ya tsaya ƙam a rabi. Ya sa farce ya ƙwanƙwasa ƙusar.

"Wannan aikin daidai ne," in ji shi. "Haka na koya masa."

Ina jin numfashin Alhaji ta cikin bango.

"Wa ka yi ma wannan?" in ji Alhaji ga ƙaninsa.

"Gida, Yaya."

"Waccan fa, ja?"

Alhaji ya matso kusa da shi.

"Da na ɗauko ta, ka san abin da ke cikinta?"

"Na sani."

"Da na tambaye ka gaban mata?"

"Na sani, Yaya."

Alhaji bai zage shi ba, bai ɗaga hannu ba. Ya miƙe a hankali kamar wanda ya tsufa a zaune. Ya ce buhu biyar ɗin nan na Inna ne da yara, babu mai taɓawa. Ya ce gandun da ubansu ya bari shekara goma sha tara ba a raba ba, gobe a kira dattawa a ja igiya a tsakar gida, kowa ya kafa murhunsa.

Mutumin ya rarrafo ya kama bakin rigarsa, ya ce, "Yaya, don Allah."

Alhaji ya dubi hannun har sai da ya saki.

"Sunan Allahn nan ka kira a Sheme," ya ce.

Ya sa takalmi ya fita, ya jawo ƙofar langa-langar zauren ya buga ta da ƙarfin da sai da ƙasa ta zubo daga saman bango a kan tabarma, a kan moton, a kan wanda ke durƙushe.

Allah ya tsare mu da ha'inci, ya tsare harsunanmu da rantsuwar da za ta ɗaure mu, ya kiyaye mu da jin irin ƙarar ƙofar nan a gidajenmu. Amin.